Shari'ar Aure a Yamai: Tarihin Kotun Coci, Zauren Malamai da Kotun Gwamnati

A Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, rikicin aure ba ƙofa ɗaya yake bi ba. Matar da mijinta ya daina cefane, ko mijin da matarsa ta yi yaji ta ƙi biko, yana iya kai kukansa wurin mai unguwa, ko ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, ko wurin fada ko fasto in Kirista ne, ko kuma gaban alƙalin gwamnati. Duka waɗannan suna sauraren ƙara, suna kiran iyaye da shaidu, suna faɗin inda gaskiya take. Amma na ƙarshen nan ne kaɗai doka ta ba ikon tilasta wa mutum bin hukunci, kuma shi ne wanda jama'a suka fi jan ƙafa wajen zuwa gabansa. Wannan tsari gado ne na abubuwa uku da suka haɗu a ƙarni na 20: fiƙihun Malikiyya da al'adun ƙasa, shari'ar coci da 'yan mishan suka zo da ita, da kuma dokar Faransa, wadda ta karɓe mulki amma ta bar aure a hannun al'ada.

Asalin kotun coci

A Turai, ɗaruruwan shekaru coci ce ke riƙe da shari'ar aure. Kotun bishop ce ke cewa wannan aure ya ɗauru, wancan bai ɗauru ba. Babban taron limaman Katolika na Tarento ya tabbatar da haka a 1563: ya ce shari'ar aure ta alƙalan coci ce, ya kuma shar'anta cewa sai a gaban limamin coci da shaidu biyu aure zai inganta. Daga baya gwamnatoci suka ƙwace wannan iko. Faransa ta yi haka a 1792, lokacin juyin juya hali, ta mayar da aure yarjejeniyar da ake ƙullawa gaban jami'in gwamnati, sannan kundin dokokin farar hula na 1804 ya tabbatar da shi. Ingila ta ɗauke shari'ar aure daga kotunan coci a 1857. A 1905 Faransa ta raba addini da gwamnati baki ɗaya.

Ke nan Turawan da suka kafa sansani a gaɓar Kogin Kwara a farkon ƙarni na 20 sun fito ne daga ƙasar da ta riga ta tuɓe wa coci rawanin alƙalanci. Shi ya sa kotun coci ba ta taɓa zama kotun hukuma a Nijar ba, ko na rana ɗaya.

Zamanin kwamanda

Kafin zuwan Turawa, garuruwan da Musulunci ya daɗe da kafuwa, irin su Agadas, Damagaram da Sayi, suna da alƙalai masu hukunci da Risala da Muhtasar na Halil. A ƙauyukan Azna na Arewa da Adar, da wasu sassan ƙasar Zabarmawa, dattawan dangi ne ke kashe wutar aure. Yamai kanta a lokacin 'yan ƙauyuka ce a bakin kogi; sai a 1926 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Damagaram aka dawo da ita can.

Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ce ta shimfiɗa tsarin kotunan 'yan ƙasa a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, aka yi mata kwaskwarima a 1912, 1924 da 1931. Ƙa'idarta ita ce a yi wa ɗan ƙasa shari'a da al'adarsa, muddin ba ta saɓa wa abin da Turawan suka kira wayewar Faransa ba. A aikace kwamanda ko mataimakinsa ke zama a kujera, dattawa biyu masu sanin al'ada a gefensa, tafinta a tsakiya. A nan ne bambanci da Arewacin Nijeriya ya fito fili. Turawan Ingila sun bar kotun alƙali a matsayinta, da sunanta da littattafanta. Na Faransa kuwa sun ƙi kiran shari'ar Musulunci da sunanta, suka saka ta cikin jerin al'adu, suka mayar da malami mai ba da shawara kawai. Har yau ana ganin sawun wannan a takardun hukunci na Nijar, inda alƙali kan rubuta cewa ya yi aiki da al'adar Hausa ta Musulmi ko al'adar Zabarmawa ta Musulmi.

Abin da Turawan ba su zata ba shi ne yadda mata suka yi wa kotunan caa. Masanin tarihi Richard Roberts, da ya bi kundayen kotunan ƙasar da yanzu ake kira Mali, ya nuna cewa daga 1905 ƙarar aure ce ta fi kowace yawa, kuma mata ne suka fi neman a raba. Da hukuma ta ga hakan na girgiza ikon masu gida da sarakunan da take dogaro da su wajen haraji da aikin tilas, sai ta ja linzami, aka riƙa tsananta wa matar da ta bar ɗakinta. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bi diddigin yadda rushewar bauta da shigowar kuɗin gyaɗa suka sauya ma'anar sadaki da kulle da matsayin mace a gidan miji. Duk wannan sauyi ya faru ba tare da an rubuta dokar aure ko guda ta ƙasar ba. Abin da aka rubuta kawai shi ne bayanin al'adu, wanda aka buga cikin mujalladi uku a 1939 don amfanin kwamandoji.

'Yan mishan da dokokin 1939 da 1951

Mishan ta SIM, ta Furotesta, ta sauka a Damagaram a 1924, daga baya ta kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Katolika sun buɗe tasharsu ta Yamai a 1931 ta hannun Fada François Faroud. A 1942 Fadar Fafaroma ta mayar da Yamai yankin mishan mai cin gashin kansa, wanda a lokacin ya haɗa da ƙasar Gurma da arewacin Dahome. Wannan faɗin yana da dalili: daga 1932 zuwa 1947 Faransa ta rushe Haute-Volta, wato Burkina Faso ta yau, ta haɗa Fada Ngurma da Dori da Nijar.

Baftisma ba ta sauya matsayin mutum a idon hukuma ba. Kirista ɗan ƙasa yana nan ƙarƙashin al'adar ƙabilarsa. In yarinya ta shiga addinin Kirista ta ƙi mijin da ubanta ya karɓi dukiyarsa, kotun kwamanda na iya mayar da ita. A ƙasar Mosi wannan ya zama babbar rigima tsakanin sarakuna da Bishop Joanny Thévenoud na Wagadugu, don 'yan mata suna gudu gidan sistoci neman mafaka. Wata sista mai digirin dakta a fannin doka, Marie-André du Sacré-Cœur, ta ɗauki maganar har Paris, ta wallafa littafi a kan halin matan yankin a 1939. A ranar 15 ga Yunin wannan shekara ministan ƙasashen mallaka Georges Mandel ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunansa: ba a aurar da yarinya ƙasa da shekara 14 ko yaro ƙasa da 16, kuma auren da babu yardar ma'auratan ɓatacce ne. Dokar Jacquinot ta 14 ga Satumba 1951 ta ƙara da cewa macen da ta kai 21 tana iya aure ba tare da wani ya tsaya mata a kan dukiyar aure ba, kuma miji na iya rubuta alkawarin zama da mace ɗaya ranar ɗaurin aure.

Dokokin nan biyu su ne mafi girman tasirin coci a shari'ar aure ta yankin, kuma ba ta kotunta ta samu ba, ta hannun minista ta samu. A Nijar, inda Kiristoci ba su da yawa, tasirinsu a ƙauye kaɗan ne. Amma sun bar tabo: tun daga lokacin, duk wanda ya ɗaga maganar shekarun aure ko yardar yarinya, ana iya jifansa da cewa aikin Turawa yake yi, alhali neman izinin budurwa da bazawara magana ce da ke cikin hadisi tun kafin a haifi Mandel.

Yadda coci ke shari'ar aure a Yamai

Yamai ta zama dayosis a 1961 da Bishop Hippolyte Berlier, aka yanke Maraɗi daga cikinta a 2001, ta zama babbar dayosis a 2007. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo, ɗan yankin Makalondi, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar. Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, kuma da yawa daga Katolikan birnin asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina Faso.

A dokar Katolika babu saki. Auren Kiristoci biyu da ya ɗauru daidai, aka kuma tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Abin da kotun coci ke bincika shi ne ko tun farko auren ya ɗauru: an tilasta wa ɗaya? An ɓoye wani aure na baya? Mijin ya shiga da niyyar ƙara mata? Alƙalai galibi limamai ne masana dokar coci, akwai kuma jami'in da aikinsa shi ne kare igiyar auren, ya kawo duk hujjar da ke nuna ya inganta. Ana iya ɗaukaka ƙara har Roma. A da sai kotuna biyu sun yi hukunci iri ɗaya kafin mutum ya sake aure; gyaran da Fafaroma Francis ya yi a 2015 ya ce hukunci ɗaya ya isa, ya kuma ba bishop damar yanke ƙarar da hujjarta ta fito sarari ta gajeriyar hanya. Hukuncin yana buɗe wa mutum ƙofar sake aure a coci da karɓar jibi, amma ba ya raba dukiya, ba ya ba da riƙon 'ya'ya, ba ya soke auren da aka rubuta a ofishin magajin gari.

Maganar da ta fi ci wa coci tuwo a ƙwarya a ƙasar nan ita ce ta mai mata da yawa da ya zo neman baftisma. Kundin dokokin Katolika na 1983 ya ce ya riƙe ɗaya ya sallami sauran, tare da kula da bukatunsu. 'Yan SIM ma sun tsaya a kan mace ɗaya, kuma Cooper ta yi bayanin wahalar da hakan ya jawo wa Kiristocin Hausa na yankin Maraɗi a littafinta na 2006. Tambayar da ta tsaya wa kowa a maƙogwaro ita ce: ina laifin matar da aka sallama, wadda ta yi aurenta bisa ƙa'idar da ta sani? Cocin Angilika ya hana irin wannan mutum baftisma a taron Lambeth na 1888, sai bayan shekara ɗari, a 1988, ya sassauta. A majami'un Furotesta na Nijar, ciki har da EERN da ta tsiro daga aikin SIM, fasto da dattawan ikilisiya ne ke zaman sulhu, horon da ke hannunsu kuwa shi ne dakatar da mutum daga jibi ko daga muƙami. Sai kuma auren gauraye: Musulmi na iya auren Kirista, Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, kuma rigimar kan taso ne a kan addinin 'ya'ya da gado, tunda a fiƙihu bambancin addini yana hana gado.

Bayan 'yanci: ƙungiyoyin tsoffin ƙasashen mallaka

Tsarin mulkin Faransa na 1946 ya ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin 'yan ƙasa, amma ya bar kowa da dokar iyalinsa. Nijar ta sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960 ta gaji wannan rabo biyu. Dokar 62-11 ta 16 ga Maris 1962 ta ce a sha'anin aure, saki, nasaba da gado, alƙali zai bi al'adar masu ƙara, da dattawa masu ba shi shawara. In al'adun miji da mata sun saɓa, ta matar ake bi idan 'yar ƙasa ce. Wanda bai da al'adar da zai dogara da ita, ko ya yafe ta, sai a yi masa da kundin Faransa da aka gada, wanda ya sa shekarun aure 15 ga mace, 18 ga namiji. Dokar 2004 ta ƙara sharaɗin cewa kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasar ta amince da su, dokar 2018 kuma ta ci gaba da wannan tsari.

Maƙwabta sun bi wata hanya. Mali ta rubuta dokar aure a 1962, Kodebuwa ta hana auren mace fiye da ɗaya a 1964, Senigal ta yi kundin iyali a 1972, Burkina Faso a 1989, Benin a 2004. Ƙungiyoyin da suka haɗa waɗannan ƙasashe ba su haɗa dokokin iyalinsu wuri ɗaya ba. A Yamai ne, ranar 20 ga Maris 1970, ƙasashe 21 suka kafa hukumar da ta zama ƙungiyar masu magana da Faransanci, da ƙoƙarin shugabanni Diori Hamani da Senghor da Bourguiba. Aikinta al'adu ne da ilimi, kuma Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a Maris 2025. Yarjejeniyar OHADA ta 1993 ta haɗa dokokin kasuwanci na ƙasashen wuri ɗaya, da kotu guda a Abijan. Ɗan kasuwar Yamai da na Dakar doka ɗaya ke hukunta bashinsu, amma matan gida biyu a unguwa ɗaya ta Yamai suna iya samun hukunci daban a kan matsala iri ɗaya.

Zauren Ƙungiyar Musulunci

Gurbin da gwamnati ta bari, malamai ne suka cike shi. A 1974, shekarar da ya karɓi mulki, Seyni Kountche ya sa aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda Alfa Umaru Isma'il ya daɗe yana shugabanta. Ofishinta na Yamai ya zama inda talakan birni ke kai ƙarar aure. Dalilan a fili suke: ana magana da Zabarmanci da Hausa, ba sai da lauya ba, kuɗin kaɗan ne, ana iya gamawa a zama ɗaya ko biyu, kuma mace ba ta jin kunyar cewa ta kai mijinta gaban malamai kamar yadda za ta ji in an ce ta kai shi gidan shari'a. A can ake lissafa igiya nawa ta rage, a tantance ko furucin da miji ya yi cikin fushi saki ne, a sa ranar fara idda, a daidaita abin da mace za ta mayar in hul'i take nema, a ba da takarda.

Takardar nan ce matsalar. A doka ƙungiyar ba kotu ba ce, ba ta ma cikin waɗanda aka ba ikon sulhu a hukumance kamar sarakunan gargajiya, waɗanda dokar 1993 da ta 2015 suka amince su sasanta su rubuta takardar sulhu. In miji ya yi alkawarin kuɗin ciyar da yara a gaban malamai ya ƙi cikawa, babu jandarman da zai je ƙofarsa. A ɗaya gefen, saki a hannun miji yake. In an je kotu, alƙali tabbatar da aukuwarsa kawai yake yi, sannan ya duba maganar 'ya'ya. Aure da yawa ba a rubuta su ba, saki ma haka, sai ranar rabon gado ko neman fanshon mamaci a ga mace ba ta da shaidar komai.

Kundin iyalin da ya ƙi haihuwa

Ƙungiyar Matan Nijar, da aka kafa a 1975, ta fara neman a rubuta kundin iyali tun a shekarunta na farko. Bayan tattakin mata na 13 ga Mayu 1991 da babban taron ƙasa, aka kammala wani daftari a 1993. Sabbin ƙungiyoyin addini da suka fito bayan buɗe fagen siyasa suka yi masa ca, suka ce an kwafo shi daga Turai, aka yi ta tsine wa matan da ke tallata shi, gwamnatin Mahamane Ousmane ta ajiye shi a 1994. A 1999 Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana nuna wa mata bambanci, amma ta cire kanta daga sassan da suka shafi aure da saki. A Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin matan Afirka. A 2011, ƙarshen riƙon ƙwaryar Salou Djibo, wani daftarin ya sake faɗuwa.

Kowane ɓangare yana da laifinsa a nan. Masu daftarin farko ba su zauna da malamai yadda ya kamata ba. Masu adawa kuma sun rushe ba su gina ba: da sun kawo nasu kundin da aka tsamo daga Malikiyya, mai fayyace ciyarwa da riƙon 'ya'ya da haƙƙin matar da aka cutar, da an wuce wurin. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta rubuta nata tun 1957 zuwa 1958, ta sabunta shi a 2004. Rashin rubutun bai kare shari'ar Musulunci ba. Ya bar ta a matsayin da kwamanda ya ajiye ta, al'ada cikin al'adu. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18, kashi 28 kafin 15.

Shari'ar Hadijatou Mani

Ƙarar da ta fi tona wannan rauni ta fito ne daga yankin Ƙwanni. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana shekara 12 kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato abin da ake kira mace ta biyar. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci amma ya ce matarsa ce. Kotun farko ta Ƙwanni ta ce babu aure, tunda ba sadaki, ba ɗaurin aure, ba yardarta. Kotun sama da ita ta soke wannan, ta dogara da al'ada. Da Hadijatou ta auri wanda take so, aka yanke mata ɗaurin wata shida a 2007 bisa laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙara kotun ECOWAS, wadda ta zauna a Yamai a Afrilun 2008. Ranar 27 ga Oktoban shekarar kotun ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10.

Alƙalai biyu a gari ɗaya sun dubi mace ɗaya da sunan al'ada ɗaya, wani ya ce 'ya ce, wani ya ce matar aure ce, sai da kotun ƙungiyar ƙasashe ta shigo. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Har zuwa 2025, shekara 65 bayan samun 'yanci, ƙasar ba ta da rubutaccen kundin iyali.